Ɗingishin Ɓeran Masar

A shekarar da gulbin Yamai ya janye har mutanen Gamkalle suna ƙetare shi ba tare da sun naɗe wando ba, Illo ya sauka a gidan 'yarsa Tabawa da sanda ɗaya, da buzu, da wani tsinken ƙarfe a cikin zabira. Iyakar abin da ya rage masa ke nan. Can ƙauyensu, arewa da Tawa, mutum ne mai shanu talatin da ɗoriya ban da tumaki, kuma shi ake aika wa in dabbar wani ta kwanta ko ta kama ɗingishi. Fari ya bi garken nan ɗaya bayan ɗaya har ya yi masa ƙat. Ta ƙarshen, shi da hannunsa ya sa mata wuƙa don kada ta mutu mushe.

Ba da son ransa ya zo ba. Tabawa ce ta dame shi da saƙo, duk motar da za ta arewa sai ta ba wani sallahu, har sai da ta aika cewa in bai taho ba ita za ta ajiye aiki ta kwashi 'ya'ya ta je ta zauna da shi. Ya san halin kayarsa, ya san za ta aikata, sai ya taho.

Tabawa tana aiki a wani ɗan disfansar na unguwa. Ba likita ba ce, ita ce mai shara da dafa allurai da danne yara in za a wanke musu ciwo, amma shekara tara tana tsaye tana kallo, hannunta ya iya ɗaurin ciwo fiye da na wasu masu farar riga. Mijinta Mahamadu shofer ne, wato direba, a wani biro, ofishi ke nan, a unguwar Filato. Mutumin kirki ne, sai dai yana cikin mazan nan da suke jin babu abin da ba su iya gyarawa ba. Zamanin soji ne, ba a wasa da makara, don haka tun rana ba ta fito ba yake goge takalmi ya kama hanya.

Abin da ya hana Tabawa sakat shi ne tsohon ba ya cin abinci. Ba ciwo ba ne, kuma ba girkinta ya raina ba. A wurin su Illo, namiji ya tare a gidan mijin 'yarsa yana cin tuwon suruki, gara a ce ƙasa ta tsage ya shige. In an kai masa kwano sai ya yi loma biyu, ya rufe, ya ce alhamdu lillahi, ya turo shi a ba yara. Mahamadu ya yi iyakar yinsa. Yakan bar gidan takanas lokacin cin abinci don tsohon ya sake, yakan ce hatsin na taimako ne, gwamnati ta raba, ba guminsa ba ne. Duk a banza. Cikin mako biyu wuyan Illo ya zurma, rigarsa ta yi masa yawa. Wuni yake a gindin katanga, fuska arewa, ba ya ce wa kowa kanzil in ba amsa gaisuwa ba.

Sai kuma ya ji labari a masallaci cewa duk Asabar manyan motoci suna kwasar mutanen da fari ya koro ana mai da su garuruwansu. Ya dawo ya ce da ita, "Asabar in tahi."

Tabawa ta san abin da ke can. Rijiya ta ƙafe, rumbu wayam, rabin garin ya watse, sauran kuwa tsofaffi ne da suke jiran ranarsu. Mutumin da ya kasa cin loma uku a inda ake dafawa, me zai ci a inda ba a hura wuta? Tsoro ya kama ta sosai, don ta tabbata in ya hau motar nan ba za ta sake ganinsa ba. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta sa liman ya yi masa magana. Ya saurari kowa da ladabi, ya ce Allah ya yi albarka, bai kuma canza magana ba.

To, a gidan akwai wani ɓeran Masar, fari da tabon ja a kunne. Matar wani bature da Mahamadu ya taɓa tuƙawa ce ta bar musu shi da za su koma ƙasarsu, shi ya sa ake kiransa Ɗan Madam. Ba ya noma, ba ya tatsuwa, ba ya ko kama ɓera ɗan'uwansa, sai ci da kuka kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Da farko a akwatin katako yake, amma Mahamadu ya ga akwatin yana wari, sai dabararsa ta motsa. Ya je wajen mai walda aka ƙera masa keji mai ƙafafu, ƙasansa duk ragar waya, kashi da fitsari su zube ƙasa a share. Duk baƙon da ya shigo sai ya kai shi ya ga wannan fasaha.

Ranar Talata da la'asar, Mahamadu ya dawo aiki yana shan ruwa, yara suna tsakar gida, sai aka ji muryar Illo daga gindin katanga.

"Dabbar ga na ɗingishi."

Kowa ya juya. Rabon da a ji ya fara magana da kansa tun ranar da ya ambaci tafiya. Tabawa ta leƙa kejin, ba ta ga komai ba. Tsohon ya ce ta dubi ƙafar baya, ta hagu, kwana uku ke nan ba ya ɗora nauyi a kanta. Ta ciro shi ta juya. Ai kuwa tafin ƙafar ya kumbura, ya yi jawur, gashin wurin ya zube, ga wani ɗan ɓawon ciwo a tsakiya. Mutanen da ke ba shi abinci kullum ba su gani ba, sai wanda ke zaune taki goma daga wurin.

Illo ya miƙe. Ta daɗe ba ta ga ya tashi da sauri haka ba. Ya shiga ɗaki ya fito da zabirarsa, ya zaro tsinken ƙarfen nan, ya ce a kawo masa garwashi. Sakiya zai yi, wato ya gasa tsinken ya yi ja ya huda kumburin ruwan ya fita, kamar yadda ya yi wa shanu da jakuna da raƙuma shekara arba'in, suka kuma tashi. Ya tsuguna gaban murhu yana juya ƙarfen a wuta, idonsa ya dawo da haske, har yana gaya wa yara yadda ya taɓa ceton wani bijimi da kowa ya fid da rai da shi.

Tabawa ta dubi tsinken, ta dubi ƙafar da ba ta kai ɗan yatsanta kauri ba. Ta san in ƙarfen nan ya taɓa ta, ba ƙafar kaɗai ba, dabbar ma ta tafi. Gaskiyarta ce, babu mai musun wannan. Amma gaskiya ma tana da ƙofar shiga, ita kuwa ta katanga ta haura da ita.

"Haba Baba, wanga ba saniya ba ce! Aje ƙarhen nan, kashe shi za ka yi. Ba haka ake yi ba yanzu."

A gaban yara ta faɗa, a gaban surukinsa kuma. Mahamadu ya sunkuyar da kai, ya shiga neman wani abu a cikin kofinsa. Illo ya zare tsinken daga wuta, ya soka shi a ƙasa ya huce, ya goge da gefen riga, ya mai da shi zabira. Sannan ya koma gindin katangarsa. Magana zarar bunu ce, Tabawa ta so ta mai da ta, ba hali. Ran nan ko loma biyun bai yi ba.

Ita dai ta yi abin da ta iya. Ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce har ya zama ɗumin da gwiwar hannu za ta jure, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta wanke hannunta da sabulu. Ta zuba ruwan a murfin kwano, ta tsoma ƙafar na ɗan lokaci don ɓawon ya yi laushi ya tashi da kansa, ba ta ɓamɓare shi ba. Ta tsane da tsumma mai tsabta, ta shafa man kaɗanya sama-sama, ta naɗe da ƙyallen tsohon zane, ta mai da shi keji. Aikin ya yi kyau, ko a disfansar iyakar abin da za a yi ke nan. Sai dai Ɗan Madam bai san da wannan ba. Yana ta mutsu-mutsu yana ihu, ya watsa mata ruwan gishiri a ido, kafin ta wanke murfin kwano kuma ya tsinke ƙullin da haƙori ya yar.

Haka aka yi Laraba safe da yamma, haka aka yi Alhamis. Kumburin bai sauka ba, har ɗayar ƙafar ta fara ja. Dabbar ta daina taɓa dusa da busasshen burodin da ake zuba mata. Tabawa ta rasa inda za ta sa kanta, ga uba ba ya ci, ga ɓera ba ya ci, ga Asabar tana matsowa.

Ranar Jumma'a da hantsi, ba ta je aiki da wuri ba, tana durƙushe tana kokawa da shi a karo na shida, sai ta ji an yi gyaran murya. Illo bai dube ta ba, katanga yake kallo.

"Kina wanke ƙahwa kina mai da ta bisa ƙaya."

Ta ce, "Na'am, Baba?"

"In dabba ta yi ɗingishi, ba ƙahwar aka hwara dubawa ba. Inda take tsayawa aka duba, da abin da take ci. Ke taka wayar ga ba takalmi ki wuni, ki gani." Sannan ya rage murya. "Amma kada ki hwaɗa wa mai gidan ni na ce."

Ta dubi ragar wayar, ta ɗora tafin hannunta a kai ta danna. Da ta ɗaga, duk ya yi zane. Kunya ta kama ta, shekara tara a gidan magani ba ta yi wannan tunanin ba. Ta rarrafa ta matsa kusa da shi, ta ce, "Baba, na yi kuskure ran nan, ka yahe min. Kuma ni ya hi ƙarhina, ba ya tsayawa. Ka riƙe min shi."

Can sai ya miƙo hannu biyu. Ya kwantar da dabbar a tafinsa, ya rufe mata ido da babban yatsa, ya manna ta a ƙirji yana wani guɗa-guɗa a maƙogwaro, irin wanda ake yi wa ɗan maraƙi. Abin da ya kwana uku yana ihu sai ga shi ya yi lamo. Tabawa ta jiƙa ƙafar a natse, ta tsane, ta shafa mai. Da aka zo ɗauri sai ya karɓi ƙyallen, ya naɗe ba tsauri ba sako-sako, ya kai ƙullin can bayan gwiwa inda haƙori ba ya kaiwa. Ya sa ta nemo tsohon akwatin katakon a bayan ɗaki, aka shimfiɗa kwali, aka ninka tsofaffin zannuwa a kai, ya ce a riƙa canzawa safe da yamma, kada danshi ya kwana a ciki. Kejin Mahamadu kuwa aka ce masa rana ce ta yi yawa a inda yake, ya kuma yarda, ko ya yi kamar ya yarda.

Saura abinci. Illo ya ce dabbar da ba ta ga ɗanyen ganye ba, ciwonta ba ya rufewa, ko wace iri ce. A shekarar nan kuwa ɗanyen ganye ba abin da ake zuba wa ɓera ba ne. Bai yi shawara da kowa ba, bayan an sauko Jumma'a ya ɗauki sandarsa ya gangara wajen lambunan bakin gulbi. Can ya tarar da wani Bazabarme mai suna Sumana, ya haƙa rami a cikin busasshen gulbin yana ɗibar ruwan da ke tsattsafowa yana kai wa fangalinsa, shi kaɗai, bayansa duk ya ƙage. Hausar Sumana ba ta wuce ta kasuwa ba, Zabarmancin Illo kuwa daga fofo, wato sannu, ya ƙare. Amma guga ba ta bukatar tafinta. Illo ya naɗe hannun riga ya kama ja, Sumana yana ɗauka. Da la'asar ya dawo gida da ƙunshi a kafaɗa, ganyen salati na waje-waje, da ganyen karas, da yakuwa, da 'yan kuɓewa.

Ɗan Madam ya faɗa wa ganyen nan yana kuka yana ci. Abin da ya rage ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, sai Tabawa ta zuba yakuwar da kuɓewar a tukunya. Da ta kai wa tsohon kwano, ta ce, kamar ba da wata manufa ba, "Miyar ganyenka ce, Baba." Ya dubi kwanon. Ya yi loma biyu, ya tsaya, sannan ya yi ta uku. Ta koma madafa da sauri don kada ya ga fuskarta. Da kwanon ya dawo, rabi ya tafi.

Asabar da safe ta tashi da tunanin motar nan. Ta same shi a bakin akwati yana canza shimfiɗa. Ya ce, "Makiyayi ba ya tahiya shi bar dabba da ɗingishi. In ta taka ƙasa daidai, in tahi."

Ta yi murna ƙwarai. Sai da ta kama hanyar aiki sannan ta gane abin da maganar ta ƙunsa, wato duk ranar da ƙafar nan ta warke, ran nan uban nata zai ɗaure kaya. Ita kuma da hannunta take warkar da ita safe da yamma.

Ƙafar kuwa ba ta yi mata kara ba. Mako guda kumburin ya sauka. Mako na biyu ɓawon ya faɗi, sabuwar fata ta fito. Illo yana zuwa lambu kullum, yana cin tuwonsa, har yana gyara wa Sumana yadda ake zuba taki. Wuyansa ya fara cikowa. Amma bai kwance maganarsa ba, duk Jumma'a sai ya juya ƙafar ya duba ya ce, "Mun kusa." Duk wanda ya shigo ya ce ai jikin Ɗan Madam ya yi sauƙi, sai Tabawa ta ji kamar ta rufe shi da duka.

Wata safiya bayan tsohon ya tafi lambu, shaiɗan ya raya mata wani abu. Ta ɗauki Ɗan Madam ta kai shi tsohon kejin, ta ɗora shi a kan wayar. Kwana biyu a nan ai ya isa ya mai da hannun agogo baya. Dabbar ta tsaya, ta ɗaga ƙafar nan sama, ta dube ta. Tabawa ba ta kai ga rufe ƙofar kejin ba ta ciro shi, ta mai da shi akwati, ta zauna a ƙasa tana istigfari. Ta ji ƙyamar kanta ƙwarai, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Jumma'a ta uku da yamma ta kwance ƙyallen ita kaɗai. Babu kumburi, babu ja, har gashi ya fara tsirowa. Ta leƙa ɗakin tsohon, ta ga ya naɗe buzunsa ya ɗaure da igiya, ya jingina sandar a kai.

Washegari tun kafin ya dawo daga masallaci ta ɗauko 'yar kwalbar jan maganin nan da ake shafa wa ciwo, ta ɗiga a tafin ƙafar ta murza har wurin ya yi ja, ta naɗe da ƙyalle ninki uku. Ita kanta ta san dabarar ba ta da ƙafa, amma ita kaɗai ta rage mata. Mahamadu yana tsaye a bakin zaure, ya nemi izini a biro don ya raka surukinsa tasha, yana ta duban agogo.

Illo ya shigo, ya tsuguna a bakin akwati, ya ɗauki dabbar. Ya warware ƙyallen a hankali, ninki ɗaya, biyu, uku. Ya dubi jan nan. Ya kai hanci ya shinshina. Ya sa babban yatsa ya goge, jan ya biyo yatsan, lafiyayyar fata ta bayyana a ƙasa. Ya danna tsakiyar tafin, ya sake dannawa da ƙarfi, dabbar ko gezau. Ya ajiye ta a tsakar gida, ta zura da gudu ta shige ƙarƙashin turmi, ƙafa huɗu duk a ƙasa.

Tabawa tana tsaye da murfin kwanon ruwan gishiri a hannu. Ba ta iya ɗaga ido ba. Mutumin da ya hango ɗingishi daga taki goma ne ta shafa wa jan magani.

Ya daɗe yana duban yatsansa. Sannan ya ɗaga kai ya dube ta, irin duban da rabonta da shi tun tana yarinya. Ya miƙa hannu ƙarƙashin turmin ya jawo dabbar, ya manna ta a ƙirji.

"Kawo ruwan," in ji shi.

Ta durƙusa ta miƙa. Ya tsoma lafiyayyar ƙafar a ciki, ya jira daidai yadda aka saba jira. Ya tsane, ya shafa mai, ya naɗe, ya kai ƙullin bayan gwiwa.

"Da saura," ya ce. "Irin wanga ciwo daga ciki yake warkewa, ba a yi mai gaggawa."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta ce, "Haka ne, Baba."

Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce ta gaya wa mai gidan ya tafi aikinsa kada ya makara, shi ma Sumana yana jiransa, rana tana yi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko sandar, ya bar buzun a naɗe inda yake.

Har damina ta faɗi Ɗan Madam yana zagaya tsakar gidan nan da ƙyalle a ƙafa, yana gudu kamar ba shi ba. Safe da yamma uba da 'ya suna durƙusawa su jiƙa, su tsane, su ɗaure. In baƙo ya tambaya me ya same shi, sai Illo ya ce ɗingishi ne, ana magani.